Ragon Ƙofar Ɗakina

Ranar Alhamis Baba ya rasu, mahaifin mijina, aka kai shi makwancinsa washegari bayan sallar Juma'a. Kafin a fito da shi lungunmu na unguwar Nima ya cika har mai babur ba ya samun wurin ratsawa. Ban san yana da jama'a haka ba. Mutum ne da ya shekara talatin da ɗoriya yana awon kaya a wani sito kusa da Kasuwar Makola, ba sarauta, ba kujerar Makka, ba motar hawa. Amma maza suka yi ta zuwa, wasu daga Maamobi, wasu tun daga Sabon Zongo, kuma duk wanda ya samu benci ya zauna sai ka ji yana gaya wa na kusa da shi cewa da ragon Baba aka yi sunan ɗansa. Wani mahauci ya riƙo hannun 'yarsa, budurwa har ta fi shi tsawo, ya ce wannan ma da ragonsa ne.

A cikin gida mata ne maƙil. Ƙanwar Baba, wadda muke kira Gwaggo, tana kuka tana yi masa faɗa kamar yana jinta, wai ta sha gaya masa ya bar aikin nan ya huta ya ƙi. Mai kokon bakin titi ta shigo da bokitin dusar tumakin Baba a ka yadda ta saba, sai da ta sauke shi ta tuna ba mai karɓa. Ta zauna a kan murfin bokitin ta ce, "Baba mutumin kirki ne paa. Yanzu tumakin nan ya zama maraya."

Muna daga ciki muka ji liman ta lasifika yana cewa duk wanda marigayi ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa. Gida ya ɗauka gaba ɗaya: mun yafe. Ni ma na motsa baki, amma ba ni da abin da zan yafe masa. Ni ce mai neman yafiya, kuma wanda zai ba ni ita yana kwance cikin makara. Kwana goma sha takwas kafin rasuwarsa na gaya masa wata magana mai zafi, ban ba shi haƙuri ba har ya tafi. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da irin mutumin da yake, kuma don tun ranar nake neman wanda zai gaya mini ko da maganar ya tafi a ransa.

Sai na faɗi yadda muke da shi kafin a fahimci girman abin da na yi. A Nima ta yanzu surukuta ta yi sauƙi. Ina da ƙawaye masu zama kujera ɗaya da uban miji suna kallon ƙwallo, har su yi masa gardama. Mu ba haka muke ba. Kakan mijina fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Sakkwato, ya taho da kunyarsa cikin kayansa, Baba kuwa ya gaje ta kaf. Ni kuma kakata ce ta raine ni, macen da har ta mutu ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. To sai aka dace. Da safe in durƙusa in ce ina kwana, ya amsa yana kallon bango. Da yamma in yi masa sannu da dawowa. Shekara goma sha ɗaya, abin da ke fita daga bakina zuwa kunnensa ke nan.

Tumakinsa ba su taɓa wuce bakwai ba. Wata 'yar rumfar tsohon kwano ya yi musu a ƙarshen tsakar gida, bayan ɗakunan 'yan haya, wurin da ko tabarma biyu ba zai ci ba. Yana dawowa daga sallar asuba zai share kashinsu ya ɗura a buhu, don akwai wani mai lambun latas da ke zuwa ɗauka. Ya wanke robar ruwa, ya duba bakin kowace da ƙafarta, sannan ya naɗe laujensa a tsumma ya sa a jaka tare da carbi da tabarau. Ƙarfe shida yana tashar trotro, wato ƙananan motocin haya. Da rana, lokacin da abokan aikinsa ke cin abinci, shi sallah zai yi ya zaga wajen masu gasa ayaba da masu dakan fufu ya tattaro ɓawo. In an tashi aiki ba ya bari mota ta kawo shi gida, sai ya sauka a Kanda ya yanki ciyawa a gefen titi, ya ƙarasa da ƙafa da buhu a kai. Kwandastocin hanyar duk sun san shi, kujerar baya suke bar masa saboda warin ɓawo, shi kuwa ko a jikinsa.

In Gwaggo ta ce masa mutum mai aikin albashi me ya haɗa shi da wannan wahala, amsarsa ɗaya ce: "Aikin sito na mai sito ne. Waɗannan su ne nawa."

Sai dai daga shidan safe zuwa shidan yamma ba mai duba su. Da can mahaifiyar mijina ke yi, ta rasu shekara biyu kafin a kawo ni. Mijina kuwa direban babbar mota ne, hanyar Bawku yake bi, in ya kwana huɗu a gida cikin wata to mun gode Allah. Ni ina koyarwa a wata firamare a Kotobabi, ƙarfe uku nake tashi. Makona na biyu a gidan na dawo na tarar suna ta kuka, sun kifar da robar ruwa, rana ta buɗe. Ba wanda ya sa ni. Na ajiye jakar littattafai na cika musu ruwa, na zuba musu dusar da na gani a bokiti, na koma ɗaki.

Da ya dawo ina jin sa ta taga. Akwai wata tsohuwar tunkiya fara, mai tafiya a hankali kamar ba ta son taka ƙasa, ita yake kira Hajiya. Ya tsaya ya dubi robar, ya dubi bokitin, sai ya ce wa tunkiyar da murya yadda zan ji, "Hajiya, ashe kun yi uwa ba ku gaya mini ba."

Daga ranar tunkiyar nan ta zama 'yar aikenmu. Duk abin da yake so in sani, ita yake gaya wa. "Hajiya, ki gaya wa Malama gobe zan makara, ana sauke shinkafa." "Hajiya, a ce wa Malama kanwar tana cikin gwangwanin sama." In na yi miyar da ta yi masa daɗi, Hajiya ce ke jin labari. Ranar da gishiri ya yi yawa ma ita aka tambaya ko teku ta shigo gidan ne. Ni kuma ba na amsawa da baki. In ya ce a jiƙa dusa, zai dawo ya tarar an jiƙa. In wata ba ta ci ba sai in ɗaura mata ƙyalle a wuya, yana shigowa ya gane. Safe nasa, la'asar tawa, Lahadi mu haɗu a kan wanka da yankan ƙofato, yana riƙe ina zuba ruwa, kowa idonsa a kan dabba. 'Yan haya suna yi mana dariya, wai gidan nan tunkiya ce sakatariya.

Na taɓa kashe masa ɗan rago. A shekarata ta farko ne, ban san ɗanyen ɓawon rogo guba ba ne sai an shanya shi ya bushe. Na ga buhu a jingine, na ga suna jin yunwa, na juye musu. Kafin magariba cikin ƙaramin ya kumbura, yana shure-shure, kafin Baba ya iso ya mutu ko yanka ba a samu an yi ba. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na ji ya ajiye ciyawa. Can ya ce, "Hajiya, kin ga aikin tsufa. Na ajiye ɓawo ban shanya ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Allah Ya yafe mini." Washegari na ga ya shimfiɗa buhu a kan kwanon rumfa ya baza ɓawo a kai, daidai inda zan gani in na fito, kuma bai ƙara ta da zancen ba.

Faɗansa ɗaya ne da mutane, leda. Tunkiya in ta haɗiye leda sai ta yi ta ramewa ba a san dalili ba. Don haka duk ledar ruwan da aka yar a lungunmu sai Baba ya sunkuya ya tsince, da rigar Juma'a ko da ta aiki. Ya taɓa bin wani ɗan haya har ƙofar ɗakinsa da leda a hannu ya ce, "Ka manta kayanka a waje." Mutumin ya yi wata guda ba ya gaishe shi, daga baya matarsa ta haihu, kuma ragon Baba aka yanka.

Wannan ita ce al'adarsa da ta tara masa jama'ar da na faɗa. Ba ya kiwo don sayarwa da Sallah, ko da yake dillalai sun sha zuwa suna lallashi. In ya lura wata mata a unguwa tana da juna biyu, kuma ya san hannun mijin bai kai ba, sai ya ware ɗan rago a ransa ya yi ta ba shi dusa fiye da sauran. Ba ya gaya wa kowa. Ranar da aka haihu zai je barka, ana gobe suna kuma ya ja ragon da kansa bayan ya dawo daga aiki, ya ɗaure a ƙofar gidan ya yi tafiyarsa kafin a fito yi masa godiya. Ya ce shi an yi sunansa ba rago, mahaifiyarsa ta riƙe abin a ranta har ta tsufa.

Ni ma ya ware mini nawa. Wata uku da aurena ya kafa turke a gefen ƙofar ɗakina, nesa da rumfar, ya ɗaure wani ɗan rago mai baƙin kunne. Bai ce komai ba, ko ga Hajiya. Na gane, na ji kunya, na kuma ji daɗi. Shekara ta zagayo ba labari. Da Babbar Sallah ta zo ya yi layya da shi, bayan kwana biyu na ga wani ƙaramin a turken. Haka aka yi ta yi. Na yi ɓari sau biyu, na zaga asibitoci, na sha saiwoyin da ko sunansu ban sani ba. Dangin mijina suka fara kawo shawarwari, Baba ya tsawatar musu sau ɗaya a gaban kowa, ba wanda ya sake. Amma ragon yana nan. In fito da safe shi zan fara gani, in dawo daga makaranta shi zai tare ni da kuka, kuma da hannuna nake ba shi dusa. Kowa a lungu ya san sunansa ragon Malama. Na san addu'a ce Baba yake yi da igiya da turke, tun da bakinsa ba zai iya faɗa mini ba. Amma a shekarun baya-bayan nan ragon ya zame mini kamar allon sanarwa a ƙofar ɗaki, kowa ya wuce ya karanta.

Ranar wata Lahadi aka yi suna a gidan da ke kallon namu, haihuwa ta huɗu ga yarinyar da na koyar a aji shida. Muna cikin rabon abinci wata mata ta dafa kafaɗata tana dariya ta ce, "Malama, ragon naki fa ya kusa yin furfura." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ajiye faranti na tsallako gida.

Na tarar da Baba a tsugune yana wanke ragon da sabulu, na goma sha ɗaya ke nan. Ya naɗe hannun riga, yana goge masa bayan kunne yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ban durƙusa ba. Na tsaya a kansa, na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce:

"Baba, ka kwance ragon nan daga ƙofata. Tonon asirin ya isa haka. Ba ni da abin da zan ba ka, ka daina jira."

Kumfa tana hannunsa. Ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai kamar shi ne ƙaramin. Ya ɗauraye ragon tsaf, don ba ya barin aiki rabi, ya kwance igiyar ya ja shi zuwa rumfa. Washegari da na dawo daga makaranta ba rago a gidan, turken ma an cire, an cike ramin da ƙasa an daddale.

Ba abin da ya canja a aikinmu. Safe nasa, la'asar tawa. Ina gaishe shi yana amsawa. Sai dai ya daina yi wa Hajiya magana. Zai shigo ya zuba ciyawa ya wanke hannu ya shige ɗaki, ni kuma ina bayan labule na kasa kunne, ba abin da nake ji sai tauna. Ban taɓa sanin gidan yana da shiru haka ba.

Kullum da niyyar ba shi haƙuri nake kwana. Da safe in durƙusa, maganar ta zo har wuya, sai in ga yana duba agogo yana ɗaura lauje, in ce bari ya dawo. Da yamma in gan shi da buhu a kai ya gaji liƙis, in ce ba yanzu ba. Ga jarrabawar ƙarshen zango, ga takardun yara tuli, na samu abin fakewa. Gaskiyar ita ce bakin da ya buɗe da sauƙi ranar fushi ya ƙi buɗewa don neman gafara. Na kira mijina a waya na gaya masa, ya ce in bari ya dawo mu je tare. Na ce a'a, ni na ɓata ni zan gyara. Na sa wa kaina ranar Juma'a, don ana tashinsu da wuri. Har na sayi kuɓewa busasshiya da kifin da yake so.

Ranar Alhamis ina aji ana rubuta jarrabawar lissafi shugabar makaranta ta leƙo ta yafito ni. Wai Baba ya idar da sallar azahar a bayan sito, ya jingina da buhun shinkafa, aka zo tashinsa don mota ta iso da kaya, ashe ya riga ya tafi.

Bayan addu'ar bakwai na fara tambaya a fakaice. Na tambayi Gwaggo ko ya taɓa ce mata wani abu a kaina. Ta ce, "Ke da yake ji da ke kamar 'yar cikinsa? Share hawayenki." Mai koko ta ce kullum yana sa mini albarka. Liman ya ce mutum irin Baba ba ya kwana da kowa a rai. Na gode musu, amma na san maganar zaman makoki, ba wanda zai gaya wa mai kuka abin da zai ƙara mata. Kuma na lura ba ɗayansu da ya san an yi wani abu, balle ya san ƙarshensa.

Mako uku da rasuwar, ranar Lahadi da la'asar, ina jiƙa dusa wani tsoho ya yi sallama. Mutumin ƙabilar Ga ne, da kwat da littafin coci a hammata, ya ce shi ne mai riƙe da makullin siton, tare suka yi aiki shekara ashirin da shida. Ya kawo butar Baba da dardumarsa da tabaransa a cikin leda. Na ba shi kujera da ruwa. Hausarsa ta kasuwa ce, ya dube ni ya ce, "Ke ne Malama? Kafra, sannu da rashi. Baba yana maganan ki kullum."

Gwaggo ta shiga yin sallah, ya rage daga ni sai shi. Na ce, "Papa, don Allah in tambaye ka. Ya taɓa gaya maka abin da ya faru tsakanina da shi?"

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Ya gaya mini. Ran Litinin ne, ya zo latti. Baba bai taɓa latti ba koraa, ko sau ɗaya, shi ya sa na tambaye shi. Ya ce ya kai rago Old Fadama, wani mai tura kura ne matan shi ya haihu."

"Ya ce ya yafe mini?"

"Madam, daga coci nake, ba zan yi miki ƙarya ba. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba."

"To me ya ce?"

Tsohon ya dubi tumakin. Sannan ya ce, "Ya zauna kan sikeli. Ya ce, shekara goma sha ɗaya ina roƙon Allah yarinyar nan ta buɗe baki ta yi mini magana kamar 'ya da ubanta, ko da ta ce mini, Baba, ruwa ya ƙare. Jiya ta yi. Daga nan ya tashi ya ci gaba da awo."

Na raka shi har bakin titi ya hau trotro, na dawo na zauna a dokin ƙofa. Duk shekarun nan ina ganin shiruna shi ne mafi girman ladabin da nake yi masa, ashe shi jira yake, taku biyar daga ɗakina. Magana ɗaya tak ya samu daga gare ni wadda ba gaisuwa ba, kuma da ita ya tafi. Wannan baƙin cikin ban san ranar da zai sake ni ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya karɓi kowane ragon da ya ja zuwa ƙofar wani. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. In da sauran wuri a addu'ar, a roƙa mini Allah Ya isar masa da haƙurin da na yi kwana goma sha takwas ina riƙe da shi a baki.